Sayen Kayan Gyaran Tsohuwar Eskabeta Ta Intanet: Bayani Ga Ƙungiyoyin Manoma Na Jega, Aliero Da Maiyama

Duk mai noman fadama a bakin Gulbin Zamfara, daga Jega har zuwa ɓangaren Maiyama, ya san akwai aikin da fartanya da cebur ba su iya masa. Yashe babbar magudanar ruwa da yashi ya cike, ɗaga jingar da ambaliya ta fasa, haƙa tafkin kifi ko wurin tara ruwan dabbobi, duk aikin eskabeta ne, wato injin haƙan nan mai dogon hannu da bokiti wanda mutanenmu ke haɗawa da sauran manyan injuna su kira katafila. Tun bayan ambaliyar daminar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, na ga ƙungiyoyin manoma suna haɗa kuɗi su ɗauko ta haya, wasu ƙalilan ma sun sayi tasu.

Matsalar ita ce kusan duk wadda ke isowa wajenmu tsohuwa ce. Ta yi aiki a Jafan ko Turai, ta yi a kamfanin hanya a Legas ko Abuja, sannan ta gangaro mana tana da shekara 15 zuwa 25. In ta tsaya, a Jega ko Birnin Kebbi za ka iya samun batir, mai, giris, wataƙila da filta. Amma famfon haidirolik, ko giyar da ke juya sarƙa, ko kwamfutar injin, sai an nemo daga nesa, kuma yanzu ta waya ake nemowa. Bayanin nan na yadda ake yin hakan ne ba tare da kuɗin ƙungiya sun salwanta ko lokacin aiki ya wuce ba.

A fara tabbatar da abin da ya lalace

Kafin kowa ya buɗe waya, sai an san ciwon. In eskabeta ta yi sanyi, hannunta na ɗagawa da kyar, maganar farko da za ka ji ita ce "famfo ya mutu". Babban famfon haidirolik yana cikin mafi tsada a jikin injin, kuma sau da yawa ba shi ba ne. Filtar gas da ta toshe tana rage ƙarfin inji har ya kasa jan famfon. Rariyar da ke cikin tankin man haidirolik in ta cika da datti, famfon ba ya samun mai. Akwai kuma ƙananan bawul da wayoyin lantarki da ke gaya wa famfon ya ƙara ƙarfi ko ya rage, ɗaya ya lalace sai injin ya zama kamar mai zazzaɓi.

Bakaniken da ya san aikinsa yana zuwa da geji ya auna ƙarfin turin man. A yawancin injuna masu nauyin tan 20, ana sa ran ganin wajen bar 340 zuwa 350 idan an danne hannun har ƙarshe. Ku nemi ya auna a gabanku, sakataren ƙungiya ya rubuta abin da allurar ta nuna. Wanda ya saurari ƙarar inji kawai ya ce a sayo famfo, a biya shi kuɗin mota a nemi wani ya sake dubawa. Kuɗin kawo bakanike na biyu daga Sakkwato ko Kaduna bai kai komai ba a kan kuɗin famfon da ba a buƙata.

Lamba ake saya da ita, ba suna ba

Nan ne mafi yawan asara ke faruwa, don haka zan daɗe a kansa.

Idan ka rubuta wa mai kaya cewa kana son sil na Komatsu PC200, ba ka gaya masa komai ba. Akwai PC200-5, akwai -6, -7 da -8, kowacce zamaninta daban. PC200-6 ita kanta ta fito da inji iri biyu, wasu da 6D95, wasu da 6D102, kuma kayan ɗaya ba ya shiga ɗaya. PC200-8 na da 6D107 wanda kwamfuta ke sarrafa feshin man sa. Haka Caterpillar 320: ƙirar B da C suna ɗauke da inji 3066, ƙirar D ta zo da C6.4. Hitachi EX200 kuwa injin Isuzu ne a cikinta, tsofaffin 6BD1, ta baya-bayan 6BG1. Rubutun fenti da ke jikin motar ba abin dogaro ba ne. Na taɓa ganin wadda aka sake wa fenti aka manna mata sunan ƙirar da ta fi ta ƙuruciya don ta yi tsada a kasuwa.

Abin dogaro shi ne farantin ƙarfe da kamfani ya buga a jikin firam, galibi a gaba kusa da gindin hannun ko gefen ɗakin direba. A kansa akwai ƙira da lambar siriyal. A tsofaffin Caterpillar lambar guda 8 ce, uku na farko su ne ke nuna zubin injin da masana'antar da ta ƙera shi, biyar na ƙarshe lambar ita wannan motar. A na baya-bayan nan lambar ta koma guda 17, amma takwas ɗin ƙarshe su ne dai waɗancan. Ukun nan na farko suna da muhimmanci ƙwarai, domin 320C biyu na iya tsayawa gefe da gefe, kala ɗaya, suna ɗaya, amma wayoyinsu da bawul ɗinsu sun sha bamban. Injin da ke ciki shi ma yana da nasa farantin a jikin bulok. Famfo na da nasa, motar juyawa na da nata, motar tafiya ma haka. A wanke kowanne da ɗan gas da tsumma, a ɗauki hoto da rana, a kuma rubuta a takarda. Waya tana ɓata.

Me ya sa sai an duba kowanne? Saboda injin da ya shekara 20 ya sha hannu. Mai shi na biyu ko na uku ya iya sauke famfon asali ya ɗora na wata mota. In ka bi littafin kamfani kawai za ka sayo abin da ya dace da motar ranar da ta fito daga masana'anta, ba abin da ke jikinta yau ba.

Daga lambar siriyal sai a nemo lambar shi kansa kayan. Kowane kamfani da yadda yake tsara nasa. Na Caterpillar gajere ne, kamar 1R-0750 wadda filtar gas ce, ko 1U-3352 wanda haƙorin bokiti ne. Na Komatsu kashi uku ne da ɗan layi a tsakani, kamar 205-70-19570, haƙorin bokitin PC200. Caterpillar na da shafi mai suna parts.cat.com inda za ka sa lambar siriyal ya nuna maka zanen sassan motar da lambobinsu, ko da ba a can za ka saya ba. Sau da yawa lambar tana nan a buge a jikin tsohon kayan in an goge shi da kyau. Kamfanoni kuma sukan canza lamba, tsohuwa ta koma sabuwa, don haka in mai kaya ya ba ka lambar da ta bambanta da taka, kar ka ce ƙarya yake, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta cewa wannan ta maye gurbin waccan.

Wani abin da zai rage muku kuɗi: ba kowane abu ne mai sunan motar ya ƙera ba. Famfon Kawasaki K3V112 yana cikin eskabetoci masu tan 20 na kamfanoni da dama, irin su Kobelco SK200, Hyundai R210, Daewoo DH220 da Volvo EC210. In ka nemi kayan cikinsa da sunan famfon, za ka samu masu sayarwa da yawa. Sai dai regileta da ke kansa da tsarin shaf ɗin sukan bambanta daga mota zuwa mota, to hoton farantin famfon shi ne zai raba gardama. Komatsu ita nata famfon take yi, ba a haɗa shi da wancan.

Inda lamba ta goge, sai awo. Ga sil na silinda, a auna kaurin sandar da faɗin cikin bututun da kalifa, ba da tef ɗin tela ba. Ga fin ɗin bokiti, kauri da tsawo. A wannan ajin galibi milimita 80 ne, amma a auna. Ga sarƙa, a ƙirga gaɓoɓinta a auna tazarar da ke tsakanin fin da fin. A PC200 da 320 tazarar milimita 190 ce, gajeren ƙafa gaɓa 45, mai dogon ƙafa wadda ake rubuta wa L ko LC gaɓa 49. Ga sufuroket, wato faifan haƙora da ke jan sarƙar, a ƙirga haƙoran da ramukan noti. A ajiye tef a kan kayan a ɗauki hoto yadda mai sayarwa zai karanta awon da idonsa.

Wata ƙungiya da nake aiki da ita ta taɓa jiran sil na silindar hannu har mako biyar. Da ya iso, leda mai kyau, sunan mota daidai, sai aka tarar sandar da ke jikin motar ta fi shi kauri da milimita biyar, domin wani ya taɓa canza silindar gaba ɗaya. Ba laifin mai kaya ba ne, abin da aka ce ya aiko ya aiko. Kuɗin sil ɗin ba wani yawa gare su ba. Abin da ya yi ciwo shi ne magudanar ba ta samu yashewa ba sai da irin shinkafa ya tsufa a gandun reno.

Ire-iren kayan da za ka gani

A shafukan sayarwa za ka riƙa cin karo da kalmomi huɗu na Turanci, gara ka san su. Genuine na nufin ɗan kamfani, a kwalin mai motar. OEM na nufin masana'antar da ke yi wa kamfanin kayan ita ce ta sayar da sunanta, kamar Denso ko Zexel a kayan feshin mai, Kawasaki a famfo, NOK a sil. Aftermarket shi ne wanda wani ya kwaikwaya, a ciki akwai mai kyau ƙwarai, akwai wanda ba ya kai mako. Used kuma na hannu ne, abin da muke ce wa Baljiyam, an kwance shi daga wata motar. Ku sani masu sayarwa da yawa suna rubuta OEM a kan kwaikwayo. In ya ce OEM ne, tambaye shi sunan masana'antar, ya kuma nuna tambarin a jikin ƙarfen, ba a kwali ba.

Ra'ayina a nan, bayan abin da na gani: haƙoran bokiti, fin da bushi, rola, fitila, gilashi, kujera, lagireto, duk kwaikwayo mai kyau ya isa. Sun lalace, ka gani da ido, ka canza, ba su ja wani abu ya mutu tare da su. Amma filta, nozul, sil na cikin famfo, boris na giyar tafiya da kayan cikin inji, kar a yi rowa a kansu. Filtar jabu ita ce mafi arha a cikin duk kayan, kuma ita ce ke kashe mafi tsada. Ƙurarmu ta hunturu ba ta da wasa, ga gas ɗin jarka da ake samun ruwa da datti a ciki. Injuna irin C6.4 da 6D107 ba su yafe wannan ko kaɗan, nozul ɗinsu tsada gare su. Shi ya sa in ƙungiya ta tambaye ni wacce za ta saya, nakan ce tsohuwar da ba ta da yawan lantarki ta fi dacewa da ƙauye.

Na hannu yana da wurinsa. Ƙarfe mai nauyi kamar hannu, bokiti, silinda ko murfin giya, na asali da aka kwance yakan fi sabon kwaikwayo. Famfo ko kwamfuta na hannu kuwa caca ce, sai in za a gwada a gaban wakilinku ko an yarda a rubuce cewa za a karɓa in bai yi ba.

Tiyon haidirolik kar a yi odarsa daga waje. A cire tsohon a kai wa masu matse tiyo su yi sabo daidai da shi, a dai tabbatar ƙarfin da aka rubuta a jikin sabon bai gaza na tsohon ba.

Inda ake nema

A fara da gida. Mantrac ne wakilin Caterpillar a Najeriya. Ko ba za ku saya a can ba, ku nemi farashinsu, shi ne ma'aunin da za ku gane arhar da ta wuce hankali. Daga nan sai manyan kasuwannin kayan gyara: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo da kasuwar ASPAMDA ta Trade Fair a Legas, da Nnewi da Onica a gabas. 'Yan kasuwar nan da yawa yanzu suna sa kayansu a Jiji da Facebook, ciniki kuma ya ƙare a WhatsApp. Amfanin wannan hanyar shi ne sauri, da kuma cewa akwai shagon da mutum zai iya takawa ya je. Jega a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Kwantagora take, motocin da ke kai albasar Aliero kudu suna dawowa, kuma da wuya ƙungiya ta rasa ɗan uwa ko abokin ciniki a Legas ko Kano. Ku yi amfani da wannan. Mutum ɗaya da zai je shagon ya riƙe kayan a hannunsa ya fi hoto ɗari.

In ba a samu a gida ba, ko farashin ya yi yawa, sai waje. Alibaba na manyan oda ne da kaya masu nauyi, yawancin masu kayan eskabeta a can suna birnin Guangzhou ne, sai Jining da ke lardin Shandong wajen kayan Komatsu. AliExpress ya fi dacewa da ƙananan abubuwa kamar sensa, suwic da sil. A eBay akan samu tsofaffin kayan asali daga Amurka da Ingila waɗanda kamfani ya daina yi, amma kuɗin aikowa yakan yi nauyi. A duk inda kake, da lambar kaya za ka yi bincike, ba da sunan mota ba. Ka tura wa mutum uku ko huɗu saƙo iri ɗaya: ƙirar mota, lambar siriyal, lambar kaya, hotuna, guda nawa. Mai kayan kirki zai dawo maka da tambaya, ya ce turo hoton ɗaya gefen, ko ƙirga mini haƙoran shaf. Wanda duk abin da ka tambaya sai ya ce akwai, biya kawai, ka yi hattara da shi.

Biyan kuɗi

Jiji da Facebook allon talla ne kawai. Ba su riƙe kuɗinka, ba su biya ka in an cuce ka. Jiji da kansa yana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya. Hanyar 'yan damfara kusan ɗaya ce kullum: hoton da aka ɗauko daga shafin wani, farashi ƙasa da na kowa, sai gaggawa, wai wani na zuwa ɗauka da yamma. Bayan ka tura, sai a ce direba na neman kuɗin webil, sai kuɗin kwastan a hanya, har wayar ta daina shiga.

Maganinsa ba wuya. Ka kira shi ta bidiyo ya nuna maka kayan a cikin shagon, ya juya shi ka ga lambar. Ka ce ya rubuta sunan ƙungiyarku da kwanan wata a takarda ya ajiye a kai ya ɗauki hoto. In ya ce kamfani ne, hukumar CAC na da wurin bincike a shafinta inda ake duba sunan kamfani kyauta, kuma sunan da ya fito a asusun banki ya zama shi ne sunan kamfanin ko na mai shi. In ya ce a tura a asusun yaronsa ko na mai POS, a dakata. Mafi kyau dai wakilinku ya tsaya a shagon, ya ce ya gani, sannan ma'aji ya tura daga nan.

A Alibaba akwai tsarin da suke kira Trade Assurance, inda kuɗin ke bi ta hannun shafin kuma kana da damar kai ƙara in kaya bai zo ba ko ya saɓa da abin da aka rubuta. Kariyar tana aiki ne kawai in an yi odar kuma an biya a cikin shafin. Mai kaya zai iya cewa ku koma WhatsApp ya rage maka wani abu. Ragin nan shi ne kuɗin kariyar da ka yar. A cikin takardar odar a rubuta lambar kaya, lambar siriyal ɗin motarku, da ko sabo ne ko na hannu, domin abin da ke rubuce kaɗai ake shari'a da shi.

Tunda kuɗin jama'a ne, kar mutum ɗaya ya yi cinikin shi kaɗai. Shugaba, ma'aji da bakanike su ga farashi uku, a rubuta a littafin taro wanda aka zaɓa da dalili, a biya ta banki daga asusun ƙungiya. Ba zargin kowa ake ba. Ranar da kaya ya zo bai yi ba, wannan rubutun ne zai hana zumunci lalacewa. In kuwa an riga an faɗa hannun ɗan damfara, a je banki a ranar da rasit ɗin turawa a shigar da ƙorafi, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda. Kwana ɗaya na da tasiri a nan.

Jigila, kwastan da lissafin lokaci

Farashin da ka gani a allo ba shi ne abin da za ka biya ba. In an rubuta EXW, kuɗin kayan ne a ƙofar masana'anta. FOB, sun kai shi tashar jirgin ƙasarsu. CIF, har tashar Legas, amma fitarwa naka ne. DDP, har da kwastan, zuwa adireshin da aka yi alkawari. Ƙungiyar manoma ba ta da abin yi da fitar da kaya a Apapa da kanta. Wannan aikin masu Form M ne da ejan-ejan. Abin da ƙananan masu saye ke yi shi ne bi ta kamfanonin kago da ke tara kayan mutane a Guangzhou su kawo Legas ko Kano, su caje ka a kan kilo in ta sama ne, ko a kan girman wurin da kayan ya ci in ta ruwa ne. Ka tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da kwastan da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuma a ina za ka karɓa.

A jirgin sama ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da girman kwali. Kamfanoni irin DHL suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000. Misali kwalin filtar iska mai 60 da 50 da 40 zai ba da 120,000, a raba da 5000 ya zama kilo 24, ko da a sikeli bai wuce kilo 8 ba. Wanda ya fi yawa a cikin biyun shi za a caje ka. Don haka sil, nozul da sensa su zo ta sama. Rola, sufuroket da sarƙa ta ruwa, ko a saye su a Legas. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, canjin dala na iya motsawa tsakanin ranar da aka ba ka farashi da ranar biyan kago, to a bar ɗan rara a lissafi.

Sai lokaci, wanda a wajen manomi ya fi kuɗin. Ta sama a ƙaddara mako biyu zuwa uku kafin kaya ya iso Jega. Ta ruwa a ƙaddara wata biyu zuwa uku. Aikin eskabeta a yankinmu lokaci biyu gare shi: bayan ruwa ya janye, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin gyaran magudanai kafin dashen albasa da shinkafar rani, sai Maris zuwa Mayu, lokacin haƙa tafki da ɗaga jinga kafin damina. Ga abin da mutane ba su sani ba: Sin na hutun ƙasa a makon farko na Oktoba, sannan hutun sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, yana rufe masana'antu na makonni. Duka biyun suna zuwa ne daf da lokacin da muke buƙatar motar. Lokacin duba inji da yin odar manyan kaya shi ne Yuli da Agusta, sa'ad da motar ke ajiye ruwa ya hana ta shiga fadama. Na san lokacin ne aljihun manomi ya fi bushewa. Shi ya sa ya kamata a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowace awa da motar ta yi aiki da rani, a ajiye shi daban da sunan gyara.

Idan kaya ya iso

A buɗe kwali ana ɗaukar bidiyo tun daga yanke tef. A ajiye sabo kusa da tsoho, a gwada lamba, a ƙirga ramuka, a auna, kafin a shafa masa mai ko a ɗaura. Da zarar an ɗaura, da wuya wani ya karɓa. Kayan lantarki a duba ko na bolt 24 ne, domin shi waɗannan injunan ke amfani da shi, a kuma ƙirga filogin soket.

In famfo ko mota aka canza saboda ta ci kanta, ɓarɓashin ƙarfen yana nan cikin tanki da tiyo da kula. Sai an zubar da man, an wanke tankin, an canza duk filtocin haidirolik, an cika cikin sabon famfon da mai an fitar da iska kafin a tayar. Wanda ya tsallake wannan zai kashe sabon a cikin kwanaki ya ce an sayar masa da jabu. Haka in an sa sabuwar sarƙa, a canza sufuroket tare da ita, tsohon zai cinye ta.

Kalma ɗaya kan rai. Kafin a kwance komai a sauke bokiti ƙasa, a kashe inji, a saki iskar tanki. Kar a nemi inda tiyo ke yoyo da hannu, man da ke fita da wannan ƙarfin yana huda fata ya shiga nama, kuma aikin asibiti ne na gaggawa ko da ramin bai fi na allura ba. Bawul ɗin giris da ke ɗaure sarƙa shi ma a hankali ake sassauta shi, ba a tsaya a gabansa.

Ga masu ɗaukar haya

Yawancin masu karanta wannan haya za su ɗauka, ba saye ba, amma maganar ta shafe ku. Kafin lobed ta sauke motar a gonarku, a rubuta yarjejeniya: kuɗin na awa ne ko na yini, wa ke sayen gas, wa ke sayen kayan gyara in ta tsaya, kuma kwanakin da ta yi a tsaye ba a ƙirga su. A duba mitar awa tana aiki, a ɗauki hotonta safe da yamma. A tambayi mai motar ko ya zo da filtar gas, filtar mai, bel da 'yan haƙoran bokiti na ajiya. In ya ce za a nema in an buƙata, ku sani ranar da ta tsaya a fadamar Mungadi ko Kimba ku ne za ku yi zaman jira. Kuma kar a biya kuɗin aikin duka a gaba.

Masu tarakta da injin ban ruwa, hanyar ɗaya ce. Massey Ferguson 375 akwai ƙirar Ingila akwai ta Fakistan, a duba farantin injin Perkins da ke ciki kafin a yi oda. Ƙaramin injin ban ruwa mai fetur kuwa, yawancin na Sin da aka rubuta wa 168F kwaikwayon Honda GX160 ne, kayansu na cike a kasuwar Jega, babu dalilin zuwa intanet a kansu.

Ƙungiyar da ke da motarta ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi ta ba sakatare. A shafin farko a rubuta ƙira da lambobin siriyal na mota, inji, famfo, motar juyawa da motocin tafiya biyu. A sauran shafukan, duk abin da aka canza: kwanan wata, awar da mita ta nuna, lambar kayan, wajen wa aka saya, nawa, da awa nawa ya yi kafin ya mutu. A tsofaffin injunan nan ana canza baƙin mai da filtarsa duk awa 250, to daga littafin za ku san filta nawa za ku tanada kafin Oktoba. Sil da bel na ajiya a bar su cikin ledarsu a ɗaki mai inuwa, kar a bar su a ɗakin direba, zafin Afrilu yana busar da roba.